Taron da Zai Iya Ce Maka A'a

Saƙon gayyata iri biyu ne ke shigo wa malamin jami'a mai koyar da ilimin kwamfuta a akwatinsa na imel. Na farko da kirari yake zuwa. Za a kira ka shehin malami ko da jiya ka kare kundin digirinka, a ce an karanta aikinka an jinjina, a roƙe ka ka aiko da maƙala zuwa wani taron ƙasa da ƙasa da za a yi a otal ɗin wani babban birni, tare da alkawarin za ka ji sakamako cikin kwana uku. Na biyu ko sunanka bai sani ba. Busasshiyar sanarwa ce: ga batutuwan da muke so, ga iyakar shafuka, ga ranar rufe karɓa, wanda ya makara da minti ɗaya sai baɗi. Na farko ba ya mayar da kowa muddin ya biya. Na biyu yakan mayar da maƙala uku cikin huɗu, wani lokaci huɗu cikin biyar, kuma ba ya ba da haƙuri.

Ra'ayina shi ne ƙofar na biyun ya kamata mu riƙa ƙwanƙwasawa, mu da ɗalibanmu, ko da za a yi ta rufe mana ita. Ina kuma ganin abubuwan da muke kafa hujja da su mu ce ba za mu iya ba, wato ɗauke wuta da yankewar intanet da ƙarancin kayan aiki, su ne ainihin abin da fannina yake nazari a kai, idan an dube su da idon bincike.

Bari in fara da bayanin fannin, domin ko a majalisarmu ta Kinkinau, inda muke zama bayan isha'i, an sha tambayata: "Malam, wai me kuke bincikawa a kwamfuta? Ba Bature ya riga ya gama ƙera ta ba?" Amsar da ta fi saurin shiga kunne ita ce gayya. Gonar da mutum ɗaya zai kwana ashirin yana nomewa, mutum ashirin za su gama ta a yini guda, kowa ya kama kunyarsa. Haka ake yi wa lissafi mai nauyi, kamar hasashen yanayi, ko kwaikwayon yadda ɗanyen mai ke gudana a ƙarƙashin ƙasa, ko horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake yayi yanzu. Ana yanyanka aikin a raba wa ƙwaƙwalen kwamfuta masu yawa su yi shi lokaci guda. Wannan shi nake kira lissafin gayya. Sai dai duk wanda ya taɓa kiran gayya ya san ba kowane ɓangare na aikin ke rabuwa ba. Tara mutane, da kai su gona, da nuna wa kowa inda zai kama, ba sa gajarta don an ƙara yawan fartanya. A 1967 wani injiniya mai suna Gene Amdahl, wanda ya yi aiki da kamfanin IBM, ya nuna iyakar da wannan ke gindayawa. Idan kashi ɗaya cikin goma na aiki ba ya rabuwa, to ko ka tara ma'aikata dubu, saurin da za ka samu ba zai kai ninki goma cif ba. Lissafin zai ba ka 9.9 ne. Ga kuma wata matsalar: akwai adadin da in aka wuce shi, surutu da jiran juna sai su fi noma yawa. Kwamfutoci ma haka suke, saƙonnin da suke aika wa juna kan cinye ribar yawansu.

Ɗaya reshen fannin ya shafi kwamfutocin da ke nesa da juna, waɗanda dole su yi aiki kamar abu guda alhali ba su da agogo ɗaya, ba su da ma'ajiya ɗaya, kuma saƙo kan iya makara ko ya ɓace a hanya. Mai karatu ya san wannan ko bai san sunansa ba. Ka tsaya wurin mai POS a bakin titi, a cire kuɗi daga asusunka, shi kuma ya nuna maka na'urarsa ya ce bai ga komai ba. Kai ba ka yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba. Kwamfutoci uku ko huɗu ne a garuruwa daban-daban suka kasa yarda da juna a kan abin da ya faru da wanda ya riga wani. Wanda ya ga yadda aka sha fama a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, sa'ad da jama'a suka auka wa tura kuɗi ta waya gaba ɗaya, ba ya buƙatar dogon sharhi. Leslie Lamport, wanda aka ba lambar yabo ta Turing a 2013, ya taɓa siffanta irin wannan tsari da cewa shi ne wanda lalacewar wata kwamfuta da ba ka ma san da ita ba za ta hana taka aiki. Maƙalarsa ta 1978 a kan lokaci da agogo da jerin aukuwar al'amura har yau da ita nake buɗe darasi.

To me ya kawo maganar taro? Amdahl a wurin taro ya gabatar da hujjarsa, cikin maƙalar da ba ta wuce shafi uku ba. Jeffrey Dean da Sanjay Ghemawat na kamfanin Google a taron OSDI na 2004 suka bayyana MapReduce, dabarar da ta sauya yadda duniya ke sarrafa tulin bayanai. Wannan ba katari ba ne, al'adar fannin ce. A likitanci ko tarihi ko ilimin sinadarai, mujallar ilimi ce kotun ƙoli, taro kuwa wurin gaisawa ne da gabatar da somin-taɓi. A ilimin kwamfuta abin ya juya. Cikakkiyar maƙala ake aikawa, a tantance ta da tsanani, a buga ta cikin kundin taron, kuma daga nan ake ambatonta. Fannin yana gudu ne da saurin da ba zai jira shekara biyu a layin mujalla ba. Tun 1999 ƙungiyar CRA, mai haɗa sassan binciken kwamfuta na jami'o'in Amurka ta Arewa, ta fitar da takardar jagora wadda David Patterson da Lawrence Snyder da Jeffrey Ullman suka sa wa hannu, tana jan hankalin kwamitocin ƙarin girma cewa kada su auna masanin kwamfuta da mudun sauran fannoni. A reshenmu sunayen sanannu ne: ICPP da ya faro tun 1972, PODC tun 1982, SC da ake yi kowace shekara a Amurka tun 1988, Euro-Par da aka fara a Stockholm a 1995, da IPDPS na ƙungiyar IEEE.

A yawancin jami'o'inmu da na san ƙa'idojinsu, wannan labari bai iso ba tukuna. Jadawalin maki ɗaya ne ga kowa: maƙalar mujalla ta ɗauki kaso mai tsoka, ta kundin taro ta ɗauki ragowa, ba tare da an tambayi wane taro ba ne. Sakamakon haka, malamin da ya kwashe shekara biyu yana gumi har ya ratsa ɗaya daga cikin tarukan da na ambata zai tashi da maki ƙasa da na abokin aikinsa da ya biya kuɗi aka buga masa shafi shida cikin mako guda a mujallar da ko editanta bai karanta ba. Wani dattijo cikin malamanmu, mutumin kirki da ke so na da alheri, ya taɓa jan ni gefe ya ce: "Dokta, kai dai tara takardu. Kwamiti ƙirga yake yi, ba karatu ba." Na ce: "Ranka ya daɗe, na ji." Ban yi musu da shi ba, domin abin da ya faɗa haka yake. Abin da ke damuna shi ne matasa suna ji, suna kuma koyo.

Kada a ɗauka mu kaɗai wannan cuta ta kama. A 2005 wasu ɗalibai uku na jami'ar MIT suka rubuta wata manhaja mai suna SCIgen, wadda ke harhaɗa kalmomin kimiyyar kwamfuta barkatai, da zane-zane da jadawali, ta fitar da abin da ya yi kama da maƙala amma babu ma'ana ko ta anini a ciki. Suka aika ɗaya zuwa wani taro da ake yi a Orlando, aka karɓa. A 2014 kuma, bayan binciken wani masani Bafaranshe mai suna Cyril Labbé, kamfanin Springer da ƙungiyar IEEE suka janye maƙaloli sama da 120 irin waɗannan daga rumbunansu. Ke nan ko tambarin babbar ƙungiya a jikin sanarwa bai isa shaida ba. Abin dubawa shi ne su wa ke cikin kwamitin tantancewa, me aka buga a bara, kuma wa yake ambaton abin da aka buga. Bambancinmu da su shi ne, a can wanda aka kama da irin wannan takarda yakan ji kunya, a nan kuwa wani lokaci da ita ake ɗaga mutum zuwa mataki na gaba.

Yanzu ga abin da ni da ɗalibaina biyu, namiji da mace, muke aiki a kai. A ɗakin gwajinmu muna da tsofaffin kwamfutocin tebur guda takwas da muka haɗa da waya suka zama gungu ɗaya. Idan ka ɗora musu lissafin da zai ɗauki awa talatin, aka ɗauke wuta a awa ta ashirin da tara, komai ya tafi. Maganin wannan tsoho ne: lokaci-lokaci sai kwamfutocin su dakata su rubuta inda suka kai a ma'ajiya mai ɗorewa, yadda in an faɗi za a tashi daga nan, ba daga farko ba. Ni yada zango nake kiran wannan, kamar na fatake. Tambayar ita ce, bayan minti nawa ya kamata a yada zango? In ka yawaita, tafiya ba za ta yi nisa ba, kullum kana sauke kaya kana ɗaurawa. In ka jinkirta, asarar da za ka yi in an faɗi za ta yi yawa. A 1974 John Young ya ba da amsar da ake amfani da ita har yau, John Daly kuma ya ƙara mata gyara a 2006: ka ninka tsawon lokacin ajiya sau biyu, ka ninka da matsakaicin lokacin da ke tsakanin faɗuwa da faɗuwa, ka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito. Idan ajiya na cin minti 2, kuma ana samun matsala kusan kowane minti 400, amsar ita ce a yada zango duk bayan minti 40.

Lissafi ne mai kyau, amma an gina shi a kan zaton cewa lalacewa tana zuwa ne kwatsam, ba sallama, ba ta da lokaci, kuma abin da ya faru ɗazu ba ya gaya maka komai game da abin da zai faru anjima. Wannan ya dace da ɗakin kwamfuta na Turai, inda wuta ba ta motsi, sai dai wata na'ura ɗaya cikin dubbai ta gaji ta mutu. Namu yanayin daban ne ta fuska uku. Faɗuwarmu ta kowa da kowa ce, duka takwas ɗin ke mutuwa tare, saboda haka ajiye kwafi a kwamfutar da ke kusa da kai ba shi da amfani. Faɗuwarmu tana yin sallama, domin batirin inbata yakan ba ka wasu mintoci kafin ya ƙare. Sannan faɗuwarmu tana da ɗabi'a. Ko yaro a Kinkinau ya san in hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa kwanon rufi, to a nemi tocila. Matan unguwa sun san sa'o'in da ake sa ran wuta, da su suke tsara guga da niƙa da sanya ruwa a firji. Ilimi ne da ke hannun kowa, sai dai ba a taɓa koya wa kwamfuta shi ba. Mun haɗa wata 'yar na'ura mai batir, ɗaya a ɗakin gwaji, ɗaya a gidana, tana rubuta lokacin da aka ɗauke da lokacin da aka kawo, wata da watanni. Daga nan muka tsara hanyar da gungun zai riƙa matso da zangonsa kusa-kusa in alamu sun nuna haɗari, ya kuma saki jiki ya yi nisa in sun nuna lafiya.

Aika irin wannan aiki zuwa babban taro yana da ladubbansa, kuma ina ganin ya kamata a riƙa koyar da su a aji kamar yadda ake koyar da rubuta manhaja. Yawanci za ka fara rajistar take da taƙaitaccen bayani kamar mako guda kafin cikakkiyar maƙala. Shafuka ƙayyadaddu ne. A tarukan IEEE irin su IPDPS kusan goma ne masu layi biyu, kuma wanda ya matse rubutu don ya yi wayo ana iya mayar masa ba tare da an karanta ba. Da yawa daga cikin tarukan suna ɓoye sunaye ta kowane ɓangare: alƙalan ba su san marubuci ba, marubuci bai san su ba. Dole ka cire sunanka da na jami'arka, ka ambaci aikinka na baya kamar na wani ne. Ni wannan ƙa'ida ta fi kowace daɗi a wurina, domin a ƙarƙashinta maƙalar da ta fito daga Kaduna da wadda ta fito daga Zurich da riga iri ɗaya suke shiga. Taron SC ya ƙara da wani sharaɗi tun 2019, cewa kowace maƙala ta zo da bayanin manhaja da na'urori da bayanan da aka yi amfani da su, yadda wani zai iya maimaita gwajin. Wa'adin kuwa da agogon yanki na ƙarshe a doron ƙasa ake auna shi, wanda ke bayan agogon Greenwich da awa 12. In an ce ƙarfe 11:59 na daren Alhamis, a wurinmu ƙarfe 12:59 na ranar Juma'a ke nan. Masu nazarin agogon kwamfutoci ne, ba mamaki da suka fara da sasanta nasu.

Bara muka aika zuwa wani babban taro a Turai. Bayan kusan wata biyu amsa ta zo: ba a karɓa ba. Alƙalai huɗu ne suka rubuta. Na farko ya taƙaita: kwamfuta takwas ba gwaji ba ne, a nuna masa ɗaruruwa. Na biyu ya fi damuwa da tsarin zane-zanenmu. Na huɗu ya nemi mu saki bayanan ɗauke wutar ga kowa, ya ce bai san wani wuri da ake samun irinsu ba. Na uku kuwa ya rubuta kusan shafi biyu, ya bi lissafinmu layi-layi, sannan ya kawo abin da ya buɗe mana wata ƙofa. Ya ce matsalarku 'yar'uwar wata ce da manyan kamfanoni ke fama da ita. Amazon da Google suna hayar da rarar kwamfutocinsu da araha bisa sharaɗin za su iya ƙwace su kowane lokaci, Amazon da gargaɗin minti biyu, Google da na daƙiƙa talatin. Haka kuma cibiyoyin da ke son dogara da hasken rana da iska dole su koyi aiki da wutar da ke zuwa tana tafiya. Wato abin da muke ɗauka larurar unguwa ce, wasu da kuɗinsu suke neman fahimtarsa.

Ɗalibin nawa ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce: "Malam, da mun kai wancan taron da suka yi ta aiko mana da saƙo, da yanzu muna da satifiket." Gaskiya ne, da muna da shi. Na ce masa ya lissafa nawa zai biya ƙwararru huɗu a duniya su zauna su karanta aikinsa da idon basira su rubuta masa ra'ayinsu, in ma sun yarda. Mu kyauta muka samu. Ba ina cewa alƙalan nan ma'asumai ba ne. Shi kansa Lamport ya aika maƙalarsa ta Paxos zuwa wata mujalla a 1990, masu tantancewa suka raina muhimmancinta, suka ce ya cire tatsuniyar majalisar wani tsibirin Girka da ya lulluɓe bayanin da ita. Ya fusata ya ajiye ta, ba ta fito ba sai 1998, kuma yau tana cikin ginshiƙan da manyan rumbunan bayanai na duniya ke tsaye a kai. Alƙali na iya kuskure, na iya son kai, na iya karantawa a gaggauce cikin jirgi. Amma ko alƙalin da ya zalunce ka ya tilasta maka ka ƙara fayyace hujjarka. Wanda ya karɓa bai karanta ba, kuɗinka kawai ya gani.

Maganar alƙali na farko ita ce mai ciwo, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma ba ƙoƙarin mutum ɗaya ke magance ta ba. Kwamfutar Frontier da ke Oak Ridge a Amurka, wadda a 2022 ta zama ta farko a jerin TOP500 da ta haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa guda, tana da ƙwaƙwale sama da miliyan takwas, a wancan lokacin kuma tana shan wutar da ta kai kimanin megawat 21. Ba da ita za mu yi tsere ba. Amma Afirka ta Kudu tana da cibiyar ƙasa a Cape Town, inda aka ƙaddamar da Lengau a 2016, malamin kowace jami'a ta ƙasar na iya neman lokaci a kanta. Maroko ta kafa Toubkal a jami'ar Mohammed VI da ke Benguerir. Mu kuwa mun fi son ambaton Philip Emeagwali, wanda ya samu kyautar Gordon Bell a 1989. Kyautar gaskiya ce, ko da yake an yi ta yi wa labarin ƙarin gishiri daga baya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a kan wata na'urar Amurka mai ƙwaƙwale 65,536 ya yi aikin. Basira tasa ce, gonar ta wasu ce.

Tsakanin Kaduna da Zariya, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, akwai Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyarta ta kwamfuta mai sunan Farfesa Iya Abubakar, akwai Jami'ar Jihar Kaduna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke nan Tudun Wada kusa da mu, da NDA, da AFIT ta sojan sama. Kowace tana da ɗakunan kwamfuta da ake kullewa da yamma, na'urorin su kwana ba aikin fari ba na baƙi. A 1994 Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa kwamfutocin kasuwa guda 16 a hukumar NASA suka kira abin Beowulf, daga nan duniya ta gane ba sai mai miliyoyin daloli ke iya lissafin gayya ba. Da makarantun nan biyar za su yarda su haɗa ko da kashi ɗaya cikin goma na abin da suke kullewa, a sa masa sola da batir, a ɗora a kan layin NgREN da aka kafa domin haɗa jami'o'in ƙasar nan, da an samu abin da zai amsa wa alƙali na farko. Fasahar ba ita ce mai wuya ba. Mai wuyar ita ce shugabanni biyar su yarda a kan wanda zai riƙe makulli, kuma wannan matsala ko Paxos ba ta warware ta ba.

Akwai kuma abin da ke jiran mutum in an karɓa, wanda wani lokaci ya fi ƙin karɓa tayar da hankali. Dole ɗaya daga cikin marubuta ya yi rajista ya je ya gabatar, in ba haka ba ana iya cire maƙalar daga kundin. Kuɗin rajista ɗaruruwan daloli ne, wani lokaci ya doshi dubu, ban da jirgi da masauki. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, albashin malami kuwa bai bi ta ba. Sai biza. A 2018 da 2019 masu bincike da dama daga Afirka sun rasa halartar taron NeurIPS a Kanada saboda an hana su izinin shiga, abin da ya ƙara ƙarfin kiran a riƙa kawo manyan taruka nahiyar, har aka yi ICLR a Kigali a Mayun 2023. Asusun TETFund yana da kason halartar taro, kuma malamai da yawa sun amfana. Abin da nake fata shi ne a riƙa fifita wanda ya ratsa taro mai tsananin tantancewa a kan wanda ya riga kai takarda ofis. Auna wannan ba shi da wuya: akwai jerin CORE na Ostireliya da ke rarraba tarukan kwamfuta daraja-daraja, kowa na iya dubawa kyauta. Majalisar kowace jami'a za ta iya amincewa da shi ko makamancinsa a zama ɗaya, ta ce maƙalar taro mai daraja ta sama daidai take da ta babbar mujalla.

Ga ɗalibin da ke karanta wannan yana ganin dutsen ya yi tsawo, akwai matakala. Manyan tarukan nan suna da ƙananan zaurukan bita da ake yi a gefensu, inda ake karɓar aikin da bai gama nuna ba, da zauren masu neman digiri na uku, da tallafin tafiya na ɗalibai. Su ma ana tantancewa, su ma ana mayarwa, amma ƙofarsu ta fi faɗi, kuma mutanen da za su karanta ka su ne dai na babban zauren.

Mu dai mun koma kan aikinmu. Ɗalibin ya ɗauki manhajar kwaikwayo ta SimGrid, wadda kyauta ce, yana gwada dabararmu a kan gungu na ƙirƙira mai kwamfuta dubu, yana ciyar da shi da bayanan wutarmu na gaske. Ɗalibar tana kwatanta sakamakonmu da na masu hayar rarar kwamfutoci, kamar yadda alƙali na uku ya nuna. Ni kuma ina tsabtace bayanan domin a sake su ga kowa, ina kuma cire duk abin da zai nuna daga wace unguwa suka fito, saboda ƙa'idar ɓoye suna. Mun sa wa kanmu wa'adin kwana biyu kafin na taron, mun kuma ajiye layin waya na kamfani biyu daban-daban domin ranar aikawa. Ɗalibar ce za ta gabatar in an dace. Makon jiya ta gaya mini ko fasfo ba ta da shi, tana jira ta ga sakamako tukuna. Na ce ta je ta fara nema gobe, domin tsakanin ranar da za a sanar da ranar taron, da ƙyar lokacin zai ishi layin ganawa a ofishin jakadanci.